Sirdin Keken Baba

Shekarar da aka mayar da ni wata firamare ta ƙauye can wajen iyakar Bukkuyum, ita ce shekarar da na rabu da babur ɗina. Mai ya yi tsadar da albashin malami ba ya ɗauka, ga shi hanyar ta zama irin wadda in kana kan babur kowa na jin zuwanka tun daga nesa, har da waɗanda ba ka so su ji. Na gwada tafiya a ƙasa na ɗan lokaci. Nakan isa makaranta ƙafafu fururu, raina a ɓace, yara su sha faɗan da ba su jawo ba. Daga nan hankalina ya koma kan keken Baba.

Keken yana rataye a ɗakin Inna, can sama jikin azara, an lulluɓe shi da tsohon zane. Ba irin baƙin keken nan ba ne na manoma mai ɗaukar buhu. Siriri ne, kore, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, da kariyar ɗaukar kaya gaba da baya, da giyar canza gudu, da sirdin fata wanda ya yi baƙi saboda zama. Wani malami Kirista ɗan Filato, da ya daɗe yana koyarwa a Anka har suka shaƙu da Baba, shi ya bar masa shi da zai koma gida. Shi kuma, in ji Baba, a hannun wani Bature ya same shi, irin masu yawon ƙasashe a kan keke ba gaira ba dalili. Muna yara, in Baba ya hau ya duƙa ya kama ƙahon nan, mutanen garinmu sukan ce ga mai ruku'u nan tafe.

Ni ba na gida a shekarun da garinmu ya rikice da neman zinari, ina Sakkwato ina karatu. Labari kawai nake ji: kowane gida ana dakan dutse, ana niƙa, mata na tankaɗe garin a tsakar gida, a daidai inda suke tankaɗe na tuwo. Sai ƙananan yara suka fara shiɗewa suna mutuwa, a garinmu da Dareta da Abare da wasu ƙauyukan. Yayana ya binne ɗansa na fari a lokacin. Daga baya aka gano gubar dalma ce a cikin dutsen. Ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar kowane gida suka kwashe, suka zuba sabuwa, suka ce duk abin da ya taɓa garin dutse a fito da shi, turmi ne ko buhu ko tabarma. Baba bai ga zuwansu ba, ciwon ƙirji ya riga ya ɗauke shi, Inna tana cikin takaba aka yi aikin gidanmu. Da na dawo, na tarar da jar ƙasa sabuwa a tsakar gida, keken kuma a sama.

Tun daga lokacin ba wanda ya sauko da shi. Da na yi wa Inna maganar, ta daɗe tana ɓarar gyaɗarta kamar ba da ita nake ba.

"Ɗauka," ta ce daga ƙarshe. "Ka canza abin da kaka so, taya ko sarƙa. Amma sirdin nan kada ka taɓa shi. Nan babanku ka zama."

Tausayinta ya kama ni. Na ce a raina, tsohuwa tana son a bar mata ɗan abin da za ta riƙa gani ta tuna da mijinta. Na yi mata alkawari.

Ranar kasuwar Gummi na ɗora keken a saman mota na kai wa wani mai gyara da aka ce ya san kekunan gwanjo. Dattijo ne mai baki, wanda ba ya taɓa abu sai ya fara yi masa ba'a. Ya zagaya keken, ya latsa tayar da ta bushe ta tsattsage, ya dube ni.

"Malam, wanga ai na masu gudu bisa kwalta na. Kai ko burji da tsakuwa za ka kai shi? Dibi taya kamar ɗan yatsa. Ƙaya guda ta ishe ta."

Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Muka wuni a rumfarsa. Ƙafafun keken tsohon yayi ne, babu tayar da za ta shige su a duk kasuwar, sai ya zaƙulo wasu na gwanjo da ba su kai su girma ba, waɗanda suka bar fili taya mai kauri mai haƙora ta zauna. Ya cire ƙarafan nan masu rufe taya don tare taɓo, ya ce da damina laka za su riƙa tarawa har ƙafar ta ƙi juyawa. Da aka sa sababbin ƙafafu sai birki ya ƙi kaiwa, ya ɗauki magagari ya yi ta cin ƙarfen yana mita har robar ta sauko daidai. Ya canza sarƙa, ya sa faranti babba a giyar baya saboda tudu da yashi, ya yayyanka tsohon tub na taya ya naɗe mini kan keken don kada girgizar hanya ta kashe mini hannu. Da ya kai hannu ga sirdi na ce masa ban da nan.

"To, keke naka, gwiwa taka," in ji shi.

Ban gane nufinsa ba sai da na hau. Keken ya zama wani abu daban, yana bin tsakuwa ba ya ko tangaɗi, yashin da ke kayar da mutane na ratsa shi ina murmushi ni kaɗai. Amma Baba gajere ne, ni kuwa a gidanmu har zolaya ta ake da tsawo. Kowane juyi gwiwata sai ta kusa dukan ƙirjina. Kafin mako ya zagayo na fara ɗingishi a gaban aji.

Na yi lissafina irin na malamai. Inna ta ce kada in taɓa sirdi, wato kada in canza shi. Ni kuwa ba canza shi zan yi ba, ɗaga shi kawai zan yi. Ita kuma lokacin ta tafi Nasarawa Burkullu jinyar ƙanwarta, balle in sake tambaya.

Ƙarfen da ke riƙe da sirdin ya ci tsatsa ya kafe a cikin bututun keken. Na yi ta ɗiga masa baƙin mai safe da yamma, sannan ranar Asabar da hantsi na kwance ƙusar, na danne keken da ƙafa a tsakar gida, na kama sirdin hannu biyu na murɗa iya ƙarfina. Ya yi ƙara, ya fizgo gaba ɗaya, na tafi da baya na zauna daɓas. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Da na leƙa bututun sai na ga tsumma a cushe. Na sa waya na zaro shi, na kifa keken don tsatsar ciki ta fita. Wata ruɓaɓɓiyar leda ta biyo, ta yage, gari mai launin toka ya zubo, kamar wanda zai cika gwangwanin madara ko ya ɗan fi.

Na ce ƙurar shekaru ce da tsatsa. Wallahi abin da na ce ke nan, na karkaɗe hannuna a wando, na mayar da sirdina a tsawon da nake so. Matata, wadda 'yar Gummi ce ba ta taɓa ganin aikin dutse ba, ta share garin zuwa gindin katanga, inda muke tara shara kafin a kai gona.

'Yarmu lokacin ba ta cika shekara uku ba. Ita kaɗai gare mu, bayan jira mai tsawo. A gindin katangar nan take shagalinta, da gwangwanayen tumatir da murfin kwalba, tana girki tana raba wa kaji.

Kwanaki suka wuce, ina zuwa makaranta ina dawowa, ina yabon kekena ga duk wanda ya tsaya saurare. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya ya biyo ni gida don ya ga abin da na mayar da keken Baba. Muna tsaye yana latsa taya, yarinyar ta taho da gwangwaninta ta miƙa masa, ta ce ga tuwo. Ya karɓa yana wasa da ita, ya yi kamar zai kai baki, sai na ga ya tsaya. Ya jinjina gwangwanin. Ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya karkata hannunsa ga rana.

"Ina tas samo wanga?"

Na nuna masa gindin katanga, na ce dattin cikin keke ne.

"Datti?" Idanunsa suka yi wani haske da ban taɓa gani ba. "Wanga ai niƙaƙƙen dutse na, kuma mai kyawo. Ji nauyinai!"

Sai ya dubi yarinyar. Na bi idonsa da nawa. Tokar nan ce a hannuwanta har gwiwar hannu, a gaban rigarta, a gefen bakinta inda ta ɗanɗana girkinta. Yaya ya saki gwangwanin ya yi salati da ƙarfi, ya sure ta, ya nufi randa yana ƙwala wa matata kira ta kawo sabulu. Ina jin kukan yarinyar da ruwan sanyi ya firgita, ina jin matata tana tambaya me ya faru, me ya faru. Tsoro ne irin wanda ban taɓa ji ba, har cikin ƙashina. Gubar da aka tara ma'aikata aka kankare daga gidan nan, ni na zazzage ta da hannuna a gaban 'yata, na kuma tafi ina fito.

Ba mota a garinmu ranar, ba kuma mai babur da zai yarda ya kama hanya bayan la'asar. Na goya ta da zanen uwarta, na hau keken na nufi Anka. Ban san yadda na yi tafiyar nan ba. Na tuna dai tana bayana tana ta surutu, tana nuna mini shanu, lafiyarta ƙalau, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin an ce haka abin yake, ba ya nuna kansa da wuri.

A asibiti na sami wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda ta yi aikin yaran da dalma ta kama tun wancan lokacin. Na fara bayani ina haɗa kai da gindi, ta ce in zauna in yi a hankali. Da na kai wurin bututun keke sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"A cikin keke, Malam? Mun ga a tukunya, mun ga a ƙarƙashin gado, har a cikin matashin kai mun gani. Keke dai yau na fara ji."

Ta huda ɗan yatsan yarinyar ta ɗauki jini. Da sakamakon ya fito ta faɗi wata lamba da ban san ma'anarta ba, amma na ga fuskarta. Ta ce dalmar ta hau sosai a jininta, sai an kwantar da ita an fara ba ta magani, kuma kada yarinyar ta sake taka tsakar gidan nan sai an kwashe ƙasar wurin an binne a nesa.

Washegari matata ta iso ta karɓe ni, na koma gida don aikin ƙasar. Na tarar Inna ta dawo, labari ya riga ya kai mata. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ban ce maka kada ka taɓa sirdin nan ba?"

Tambayar da ta fito mini ban shirya ta ba. "Inna, kin san abin da ac ciki?"

"Na sani mana. Ajiyar babanku ta. Shi yaz zaɓe mai kyawon yac cusa nan, don ko ɓarayi sun tare shi ba su dibin cikin keke. Da ciwo yac ci ƙarhinai yac ce in rana ta ɓaci in kira yayanka a wanke, kada in rasa abin kaina."

Na ce, to da masu kwasar ƙasa suka zo suka ce a fito da komai fa?

"Ina takaba, wa za ya shigo mini ɗaki? Daga ƙohwa sunka tambaya, nic ce babu komi sai kayan mamaci, sunka yi mini gaisuwa sunka wuce."

"Ni da nid ɗauki keken, mi yah hana ki hwaɗa mini?"

"Kai mai boko na. Kana ji zubarwa za ka yi. Kuma ɗaure shike cikin leda, cikin ƙarhe. Shekara nawa yau? Ko maganin ɓera in ya daɗe ƙarhinai hita shikai. Ni na ɗauka gubar ta mutu tuni."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba tun da aka haife ni, ranar ma ban ɗaga ba. Wannan matar ta yi wa jikanta wanka da hannunta aka kai shi makwanci. Ta san abin da garin nan yake yi fiye da ni. Duk da haka shekara da shekaru tana kwana a ƙarƙashinsa, tana ganin dukiya ce mijinta ya bar mata, tana jiran gubar ta tsufa. Na ce mata dalma ba ta mutuwa, ko jikokin jikokinta za su tarar da ita yadda take. Ta dube ni, ta dubi gindin katanga inda gwangwanayen yarinyar suke a warwatse, sai ta sulale ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mi likita tac ce?" Na gaya mata. Ta sake tambaya, na sake gaya mata.

Ni da Yaya muka ɗaure hanci da baki, muka yayyafa ruwa, muka kankare ƙasar gindin katanga da duk inda tsintsiya ta bi, muka zuba a buhuna. Muna lodawa a amalanke na lura ya ware buhun farko, wanda muka ɗebo daga inda garin ya fi yawa, ya jingine shi a zaure. Na tambaye shi na mene ne.

"Daji za ni kai shi," ya ce, bai dube ni ba. "Can aka wanki yanzu, ba gida ba. Gumin Baba na, ba ni binne shi."

Raina ya tashi har ina ganin duhu. Na ce, "Yaya, kai da kab binne ɗa?"

Ya miƙe tsaye. "Don na binne ɗa, gero ya yi araha?"

Jiya-jiyan nan shi ne ya sure 'yata ya wanke ta yana salati, yau kuma ga shi zai saɓa buhun a kafaɗa. Ya tafi da shi. Har yau ban tambaye shi abin da ya fito ba, shi ma bai faɗa ba.

Yarinyar ta yi kwanakinta a asibiti, aka sallame ta da sharaɗin a riƙa dawo da ita gwaji. Na wanke bututun keken a bayan gari, na ɗaura mata ɗan kwando da matashi a kariyar gaba, muka yi ta zarya tsakanin garinmu da Anka, rani da damina. Keken bai taɓa ba ni kunya ba, abin da ya sa wani lokacin har haushinsa nake ji. Lambar ta yi ta sauka a hankali. Ranar da ma'aikaciyar jinyar ta ce ba sai mun sake zuwa ba, na yi mata godiya, na tambaye ta ko shi ke nan an rabu da abin.

Ta ce, "Na jini ya sauka, Malam. Abin da ya riga ya taɓa a kai, ba mu da gwajin da zai nuna mana yanzu. Wasu ba a ganin komai. Wasu sai sun shiga makaranta."

Ba sai ta ƙara bayani ba. A farkon aikina na koyar da yaran da suka tsira a wancan lokacin. Na san su. Za ka nuna wa yaro baƙi yau ya kama, gobe ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya dube ka yana murmushi yana son ya faranta maka, abin ya ƙi zama. Akwai wata irin tsayawa da idonsu ke yi a kan allo, wadda in ka gan ta sau ɗaya ba ka mantawa.

'Yata yanzu ta isa shiga makaranta. Tana da wayo, tana da tsiwa, takan manta aike, takan yi jinkirin amsa kira, kamar kowane yaro, in ji uwarta. Bana aka dawo da ni firamaren garinmu, hedimasta ya ce ni zan riƙe aji ɗaya, yana ganin alheri ya yi mini tunda 'yata za ta zauna a gabana. Na same shi a ofis na roƙe shi ya ba wani, ya mayar da ni aji biyar ko shida. Ya yi mamaki, ya tambayi dalili, na ce maƙogwarona ba ya jure ihun ƙanana. Ya yarda.

An ɗinka mata rigar makaranta, tana ta gwadawa tana nuna wa Inna. Jiya ta zo ta tsaya a gabana da sabon littafinta da fensir, ta ce in koya mata rubuta sunanta kafin ranar Litinin. Na ce ta bari, malaminsu zai koya musu.